John Bardeen, Masanin Da Ya Warware Asirin Ƙarfe Marar Turjiya

Duk wanda ya ratsa ƙauyukan Kiru da Bebeji da damina, da wuya ya rasa ganin manomi a gona da ɗan akwatin rediyo rataye a reshen itace, yana noma yana sauraron labarun duniya. Wanda kuma ya nausa kudu, ya wuce Tudun Wada, ya ratsa dajin Falgore har ya kai duwatsun Riruwai a ƙasar Doguwa, zai iske ramukan da aka daɗe ana haƙar kuza a cikinsu. Akwai mutum guda wanda aikinsa ya shafi akwatin rediyon nan, ya kuma shafi ma'adinan duwatsun nan, shi ne John Bardeen, mutumin ƙasar Amurka, wanda har yau shi kaɗai ne aka taɓa ba lambar yabo ta Nobel sau biyu a fannin ilmin fiziks. An ba shi ta farko a 1956 saboda ƙago taransista, ta biyu kuwa a 1972 saboda bayyana dalilin da ya sa waɗansu ƙarafa, idan sun yi sanyi matuƙa, sukan bar wutar lantarki ta bi ta cikinsu ba tare da wata turjiya ba ko kaɗan.

Haihuwa da neman ilmi

An haifi John Bardeen ran 23 ga watan Mayu na shekarar 1908 a birnin Madison na Jihar Wisconsin. Mahaifinsa, Charles Bardeen, shaihun malami ne a kan ilmin sassan jikin ɗan Adam, kuma shi ne shugaba na farko na makarantar koyon aikin likita ta Jami'ar Wisconsin. Tun yana ƙarami aka ga kaifin basirarsa wajen lissafi, har aka tsallakar da shi azuzuwa, ya zauna aji ɗaya da waɗanda suka girme shi nesa ba kusa ba. Yana da kimanin shekara 12 mahaifiyarsa Althea ta rasu bayan ta yi fama da ciwon daji, abin da ya girgiza shi ƙwarai. Duk da haka ya gama sakandare a 1923 yana ɗan shekara 15, ya shiga Jami'ar Wisconsin ya karanta injiniyancin lantarki, ya sami digirinsa na farko a 1928, na biyu kuma a 1929.

Daga 1930 zuwa 1933 ya yi aiki da kamfanin mai na Gulf a birnin Pittsburgh, inda yake lissafin yadda za a gane inda man fetur yake kwance a ƙarƙashin ƙasa ta hanyar awon maganaɗisu da nauyin duwatsu. A lokacin nan tattalin arzikin duniya ya karye, miliyoyin mutane suna yawon neman aiki, shi kuwa yana da albashi mai kyau. Amma ransa bai kwanta da aikin ba, don haka ya ajiye shi ya koma ɗalibi a Jami'ar Princeton, ya zauna a gaban Eugene Wigner, ɗaya daga cikin waɗanda suka fara amfani da sabon ilmin ƙwayar zarra don fahimtar halayen ƙarafa. Ya sami digirin dakta a 1936. Ya yi shekara uku yana bincike a Jami'ar Harvard, a 1938 ya auri Jane Maxwell, ya kuma kama koyarwa a Jami'ar Minnesota. Ana cikin Yaƙin Duniya na Biyu sai aka kira shi birnin Washington a 1941, ya yi shekara huɗu a ɗakin binciken mayaƙan ruwa, yana aikin kare jiragen ruwa daga nakiyoyin da maganaɗisu ke tayarwa.

Ƙago taransista

Bayan yaƙi, a 1945, ya shiga ɗakin bincike na kamfanin tarho na Bell a Jihar New Jersey, cikin ƙungiyar da William Shockley ke shugabanta. A zamanin nan rediyo da tarho duk sun dogara ne ga bawul na gilashi, mai kama da ƙwan lantarki, wanda ke cin wuta da yawa, ya yi zafi, ya kuma ƙone da wuri. Abin da kamfanin ke nema shi ne ɗan ƙaramin abu daskararre da zai yi aikin bawul, watau ya karɓi sigina mai rauni ya ƙara masa ƙarfi. Shockley ya tsara wata dabara wadda bisa lissafi ya kamata ta yi aiki, amma duk lokacin da aka gwada sai ta ƙi. Bardeen ne ya gano dalili: waɗansu ƙwayoyin lantarki, waɗanda ake kira ilaktaron, sukan maƙale a fatar ma'adinin su zama garkuwa, su hana ƙarfin lantarkin da aka turo daga waje shiga ciki.

Da aka san cutar sai aka shiga neman magani. Bardeen da abokin aikinsa Walter Brattain, gwanin aikin hannu, suka duƙufa, har ran 16 ga watan Disamba na 1947 suka ɗora tsinin zinariya guda biyu daf da juna a kan ɗan guntun ma'adinin jamaniyom, suka ga sigina ya shiga ta ɗaya ya fito ta ɗayan da ƙarin ƙarfi. Wannan shi ne taransista na farko a duniya. Daga gare shi ne aka sami rediyon da ke aiki da batir ƙanana, wanda makiyayi zai rataya a kafaɗa, daga baya kuma aka sami kwamfuta da wayar hannu.

Nasarar nan ta jawo ɓacin rai. Shockley ya ji zafin cewa an yi abin ba da hannunsa ba, ya janye jiki ya ci gaba da nasa binciken shi kaɗai, ya kuma toshe wa mutanen biyu hanyar shiga aikin da ya biyo baya. Bardeen ba mutum ne mai hayaniya ba. Maganarsa ƙasa-ƙasa take, har ɗalibai suka yi masa laƙabi da mai raɗa. A 1951 ya tattara nasa ya nasa ya koma Jami'ar Illinois da ke garin Urbana, inda ya zauna har ƙarshen rayuwarsa. Ɗalibinsa na farko a can, Nick Holonyak, shi ne a 1962 ya ƙago ɗan ƙwan lantarki mai jan haske, kakan fitilun zamani marasa cin batir.

Matsalar da ta gagari manya

Abin da ya kai Bardeen Urbana wata tsohuwar matsala ce wadda kusan sa'arsa ce. A shekarar da aka haife shi, 1908, wani masani a birnin Leiden na ƙasar Holan, Heike Kamerlingh Onnes, ya yi nasarar sanyaya iskar hiliyom har ta zama ruwa, a kan digiri 269 ƙasa da inda ruwa ke daskarewa. Don a gane irin wannan sanyi, sai a tuna cewa hunturun da ke hana mutane fita da asuba a Tudun Wada bai ko isa ya daskarar da ruwan randa ba, kuma iyakar sanyin da zai yiwu a halitta shi ne digiri 273 ƙasa da daskarewar ruwa. A watan Afrilu na 1911 Onnes ya sanyaya zaiba da wannan ruwan hiliyom, ya tura mata wutar lantarki, sai ya ga turjiyarta ta ɓace ɗungum.

Kowace waya tana da turjiya. Ita ce ke sa dutsen guga ya yi zafi, ita ce kuma ke cinye wani kaso na wutar da ake turowa daga madatsar ruwa ta Kainji kafin ta iso Kano. Dalilinta shi ne ƙwayoyin zarra na ƙarfe a jere suke sahu-sahu kamar saƙar raga, kuma ba a tsaye cik suke ba, kullum rawa suke yi, gwargwadon zafi gwargwadon rawar. Ilaktaron da ke ɗauke da wuta sukan yi ta karo da wannan saƙa mai rawa, da kuma gurɓatattun ƙwayoyin da ke cikinta, ƙarfinsu ya zube ya zama zafi. Amma a ƙarfe marar turjiya, idan aka yi zobe da shi aka tayar da wuta a ciki, sai ta yi ta kewayawa shekara da shekaru ba batir ba inji. A 1933 kuma Walther Meissner da Robert Ochsenfeld a Jamus suka gano cewa irin wannan ƙarfe yakan kori maganaɗisu daga cikinsa, har mayen ƙarfe ya iya tsayawa a iska a bisansa.

Manyan masana irin su Einstein da Bohr da Heisenberg duk sun gwada bayyana dalilin wannan al'amari, ba wanda ya dace. Shi kansa Bardeen ya gwada a 1941, lissafinsa bai fita ba. Akwai kuma wani abin ɗaure kai. Jan ƙarfe da azurfa da zinariya, waɗanda suka fi kowane ƙarfe saurin ɗaukar wuta, ba sa rasa turjiyarsu kome sanyi, amma zaiba da baƙar dalma da kuza, waɗanda ba su kai su ba, su ne ke rasa ta.

Bakin zaren ya fito ne a 1950. Emanuel Maxwell a Washington, da ƙungiyar Bernard Serin a Jami'ar Rutgers, kowa da nasa gwajin, suka auna nau'o'in zaiba waɗanda ba su da wani bambanci sai na nauyin ƙwayar zarra. Suka ga mai nauyi ta fi bukatar sanyi kafin ta rasa turjiya. To, nauyin ƙwaya bai shafi ilaktaron ba, abin da ya shafa shi ne saurin rawar saƙar, domin mai nauyi a hankali take motsi. Ashe ke nan saƙar da ake zargi da haddasa turjiya tana da hannu wajen kawar da ita. Serin ya buga wa Bardeen waya ya gaya masa. A shekarar nan kuma Herbert Fröhlich na Jami'ar Liverpool ya nuna da lissafi cewa rawar saƙar tana iya jawo ilaktaron biyu zuwa ga juna.

Yadda maƙiya ke zama abokan tafiya

Wannan magana da wuyar karɓa take, domin ilaktaron duk caji iri ɗaya ke gare su, kuma masu caji iri ɗaya korar juna suke yi. Ana iya kwatanta abin da makaɗa biyu masu gaba da juna a ranar kasuwa. Na farko ya ratsa da gangarsa da sauri, jama'a suka karkato wajen da ya bi. Kafin su watse su koma rumfunansu ya riga ya yi nisa, sai ga na biyu, ya hangi taro, ya nufo shi. Ba ƙaunar na farko ta kawo shi ba, taron ne ya ja shi, amma ga mai kallo sai ya ga yana bin sawun abokin gabarsa. Haka ilaktaron yake jawo ƙwayoyin saƙar, masu kishiyar cajinsa, su ɗan matso. Da yake sun fi shi nauyi sau dubbai, ba sa komawa wurinsu da wuri, sai wurin ya zama tarkon da ke jan wani ilaktaron. Idan kuwa zafi ya yi yawa, kasuwar ta hargitse ke nan, ba taron da zai tsaya. Nan ne kuma aka gane abin da ya hana jan ƙarfe da zinariya: ilaktaron ɗinsu ba sa cuɗanya da saƙar sosai, shi ya sa suke wucewa salin alin a yanayi na kullum, shi ya sa kuma ba su da abin da zai haɗa su idan an yi sanyi.

A 1955 Bardeen da David Pines suka tabbatar cewa wannan jan yana iya rinjayar korar da ke tsakanin ilaktaron. A shekarar nan ya gayyato wani matashi gwanin lissafi, Leon Cooper, ya kuma sa ɗalibinsa mai suna Robert Schrieffer cikin aikin. A 1956 Cooper ya nuna cewa a cikin ƙarfe mai sanyi, kome ƙanƙantar jan, ya isa ya ɗaure ilaktaron biyu-biyu. Saura a san yadda ɗimbin tagwayen nan suke zama tare, domin kowane biyu suna da tazara mai faɗi a tsakaninsu, har wajen miliyan na waɗansu tagwaye suna cakuɗe a cikin filin da suka mamaye.

Ana cikin wannan ne, a watan Nuwamba na 1956, labari ya zo cewa an ba Bardeen da Brattain da Shockley lambar Nobel. An ce yana soya wa iyalinsa ƙwai da safe aka faɗa a rediyo, kaskon ya suɓuce masa. Kafin ya tashi zuwa Suwidin, Schrieffer ya zo masa da ƙorafin cewa ya gaji, yana so ya sake wani batun, shi kuwa ya lallashe shi ya ƙara ko da wata guda. A ƙarshen Janairu na 1957, Schrieffer yana cikin jirgin ƙasa a birnin New York, sai dabara ta faɗo masa ta rubuta lissafi guda wanda ya ɗauki dukkan tagwayen a matsayin jiki ɗaya. Tafiyarsu kamar ta sojoji ce a fareti, ƙafa ɗaya, ba a iya tare ɗaya sai an tare duka, ƙananan karo kuwa ba su da ƙarfin yin haka. Shi ya sa turjiya ke ɓacewa.

Su ukun suka yi watanni suna lissafi dare da rana, suka ga amsoshinsu sun dace da abin da masu gwaji suka auna: nauyin ƙwaya, da korar maganaɗisu, da yadda ƙarfen ke shan zafi. Cikakken bayanin ya fito a mujallar Physical Review a watan Disamba na 1957, shekara 46 bayan ganowar Onnes, kuma ana kiransa BCS, watau harrufan farko na sunayensu. A bikin 1956 Sarkin Suwidin ya yi wa Bardeen tsiya don ya zo da ɗa guda kawai cikin 'ya'yansa uku, shi kuwa ya yi alkawarin kawo su duka in ya sake zuwa. A 1972 ya cika alkawari.

Kuskure da tsufa

Girman suna bai hana shi yin kuskure ba. A 1962 wani ɗalibi ɗan shekara 22 a Jami'ar Cambridge, Brian Josephson, ya yi hasashen cewa tagwayen nan suna iya ratsa siririn shinge da ke tsakanin ƙarafa biyu marasa turjiya. Bardeen ya musanta, har suka yi muhawara a gaban taron masana a Landan. A 1963 gwajin Philip Anderson da John Rowell ya nuna ɗalibin ne da gaskiya, Bardeen kuwa ya janye maganarsa a fili. An ba Josephson lambar Nobel a 1973.

Ya yi wa ƙasarsa hidima a majalisar ba shugaban ƙasa shawara kan kimiyya daga 1959 zuwa 1962, ya zauna a hukumar daraktocin kamfanin Xerox daga 1961 zuwa 1974, ya yi ritaya daga koyarwa a 1975. Shekarunsa na ƙarshe ya ƙarar da su wajen kare wani ra'ayi nasa a kan yadda wuta ke gudana a waɗansu ma'adinai masu siffar zare, ra'ayin da yawancin masana ba su karɓa ba, abin kuwa ya dame shi. A gida mutum ne mai sauƙin kai, mai son wasan golf da gasa wa maƙwabta nama. Ya mutu da ciwon zuciya a birnin Boston ran 30 ga watan Janairu na 1991, yana da shekara 82, aka binne shi a Madison.

Abin da ya bari a buɗe

Kafin mutuwarsa ya ga abin da ya sake tayar da ƙura. Har zuwa 1973, mafi ɗumin abin da aka samu marar turjiya yana bukatar digiri 250 ƙasa da daskarewar ruwa, kuma masana da yawa sun ɗauka rawar saƙa ba za ta iya wuce nan da nisa ba. A 1986 Georg Bednorz da Alex Müller na kamfanin IBM a Zurich ta Suwizalan, suna neman abin da ilaktaron ɗinsa ke cuɗanya da saƙa da ƙarfi, suka haɗa wani irin tangaran mai jan ƙarfe da oksijin a ciki, wanda ya rasa turjiya a wajen digiri 238. A 1987 Paul Chu da Maw-Kuen Wu a Amurka suka sami ɗan'uwansa mai yi a digiri 180, watau ruwan naitirojin mai araha, wanda ke kan digiri 196, ya isa ya sanyaya shi. A 1993 aka kai digiri 140.

A cikin tangaran ɗin nan ma ilaktaron biyu-biyu suke tafiya, kamar yadda BCS ya ce. Amma da aka maimaita gwajin nauyin ƙwaya a kan mafi kyawunsu, sai aka ga sauyin ɗan kaɗan ne. Don haka Anderson da waɗansu suka ce maganaɗisun da ke tsakanin ilaktaron ne ke ɗaure su, waɗansu kuma suka tsaya a kan cewa saƙar tana da rabonta. Har yanzu ba a rufe wannan muhawara ba. Sai dai hanyar Bardeen ta sake nuna ƙarfinta. A 2015 ƙungiyar Mikhail Eremets a birnin Mainz na Jamus ta matse wani haɗin haidirojin da farar wuta da nauyin da ya fi na iskar duniya sau miliyan ɗaya da rabi, ya rasa turjiya a digiri 70 kacal ƙasa da daskarewar ruwa, gwajin nauyin ƙwaya kuma ya nuna rawar saƙa ce ta yi aikin. A 2019 aka kai digiri 23 da wani haɗin haidirojin ɗin. Dalili kuwa haidirojin ya fi kome rashin nauyi, don haka saƙarsa ta fi kowace saurin rawa. Cikas ɗin shi ne ba a iya yin wayar gari da abin da sai an matse shi haka, tangaran kuwa gautsi gare shi, yin waya da shi akwai tsada.

Saboda haka har yau ƙarfen da aka fi dogara da shi shi ne niyobiyom, wanda ke rasa turjiya a digiri 264, kuma ya fi kowane tsantsan ƙarfe ɗumi wajen yin haka. Da shi da titaniyom ake yin wayar manyan maganaɗisun na'urar MRI da ke ɗaukar hoton cikin jikin marar lafiya a asibitoci. Wani kaso na niyobiyom kuwa daga ma'adinin kolumbait ake samunsa, wanda ke kwance tare da kuza a tsaunukan Jos da duwatsun Riruwai, inda maƙeran ƙasar Kano suke narka kuza tun kafin zuwan Turawa. Da can masu haƙar kuza zubar da kolumbait suke yi a matsayin tsakuwar banza. A shekarun 1950 Nijeriya ce ke kan gaba a duniya wajen fitar da shi, yanzu kuwa Brazil ce ke riƙe da kasuwar niyobiyom. An yi ta loda shi ɗanye a jirgin ƙasa zuwa bakin teku, a daidai shekarun da malami guda da matasa biyu suke zaune a Urbana da takarda da fensir suna lissafin abin da ya ƙara masa daraja. Sauran rabin lissafin, na tangaran mai jan ƙarfe, yana nan yana jiran mai warware shi.